Babi Na Biyar: Alamomin Tsoro Da Zullumi, Da Yadda Ake Rinjayarsu

Daga cikin halayen da Allah Maɗaukakin Sarki ya kimsa a jikin ɗan Adam domin maslaharsa, babu wanda mutane suka fi jin kunyar a gan su da shi kamar tsoro, alhali kuwa shi ne ke janye ƙafar manomi daga bakin ramin kububuwa, shi ne ke hana yaro leƙa rijiya, shi ne kuma ke sa matafiyi ya nemi masauki tun duhu bai rufe masa hanya ba. Saboda haka duk wanda ya yi nufin magana a kan maganin tsoro, wajibi ne ya fara ba shi haƙƙinsa, ya yarda cewa ni'ima ce tun kafin ya rikiɗe ya zama cuta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, ya keɓe wani sashe a cikin Ihya'u Ulumiddini ga tsoro da kyakkyawan fata, inda ya bayyana cewa tsoron da ake yabo shi ne matsakaici, wanda ke tura bawa ga aiki, domin wanda ya gaza ba ya tsinana komai, wanda kuma ya ƙetare haddi yakan kai mai shi ga yanke ƙauna da lalacewar jiki da hankali. Ko da yake a kan tsoron Allah malamin yake magana, ma'aunin da ya kafa ya dace da kowane irin tsoro, da shi kuwa za mu yi awo a wannan babi.

Sai dai akwai bambanci tsakanin tsoron abin da ke gaban mutum da zullumin abin da bai zo ba. Wanda mahaukacin kare ya biyo ya san abin da yake gudu, da zarar ya faɗa gida ya turo ƙyaure kuwa, sai numfashinsa ya dawo daidai. Amma mai zullumi ba ya da ƙyauren da zai turo, domin abin da ke korarsa a cikin gobe yake zaune: kuɗin hayar da bai tanada ba, jarrabawar da ba a yi ba tukuna, ciwon da likita bai ce yana da shi ba. Misalinsa kamar maigida ne da ya ɗauki maigadi mai kunne, wanda da fari ɓarawo kaɗai yake yi wa kururuwa, sannu a hankali har ya kai ga ko ɓera ya taka kara sai ya tashi gida duka; ba korar maigadin nan ake bukata ba, abin da ake bukata shi ne a sake koya masa rarrabewa.

Abin Da Ke Faruwa A Cikin Jiki

A ƙarshen ƙarni na 19, wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Habad ta Amurka, mai suna Walter Cannon, ya duƙufa yana kallon yadda abinci ke tafiya a cikin tumbin kyanwa, ta hanyar hoton nan mai ratsa jiki wanda ba a daɗe da gano shi ba. Sai ya lura da wani abin mamaki, watau muddin kyanwar tana kwance hankalinta a kwance, tumbinta na ta motsi yana niƙa, amma da zarar ta firgita ko ta fusata sai motsin nan ya tsaya cik. Wannan lura ce ta ja shi ga binciken shekaru, har a 1915 ya wallafa littafi a kan sauye-sauyen da ke aukuwa a jiki lokacin zafi da yunwa da tsoro da fushi, inda ya nuna cewa duk abin da jiki ke yi a halin firgici shiri ne na ɗayan abu biyu, ko a tsaya a gwabza, ko a ranta a na kare.

Bayanin da masana suka tabbatar bayansa shi ne, akwai wani ɗan ƙullutu a can cikin ƙwaƙwalwa, ana kiransa amigdala, wanda aikinsa shi ne hango haɗari, yakan kuma yanke hukunci tun hankali bai gama tantancewa ba. In ya ga abin da ya yi kama da haɗari, sai saƙo ya tafi ga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su zuba wani sinadari mai suna adirenalin a cikin jini. Nan take sai zuciya ta ƙara gudu domin ta kai jini ga cinyoyi da damatsa, numfashi ya yi sauri, gumi ya keto domin sanyaya jikin da ake zaton zai yi gudu, yawu ya ƙafe, niƙan abinci ya dakata, tun da ba lokacin cin tuwo ba ne. Ashe ke nan, sa'ad da Bahaushe ya ce gabansa ya faɗi, ko hantar cikinsa ta kaɗa, ko cikinsa ya ɗuri ruwa, ko tsigar jikinsa ta tashi, abin da ke gudana ne na haƙiƙa yake siffantawa. Fa'idar sanin wannan kuwa babba ce, domin mutumin da ya gane cewa bugun da ƙirjinsa ke yi aikin lafiyayyar zuciya ne da aka ba ta umarnin shiri, ya riga ya raba kansa da rabin azabar.

Alamomi Uku

Alamomin zullumi sukan bayyana ta fuska uku, a jiki, da a tunani, da a aiki. Na jiki su ne suka fi saurin kai mutum asibiti: bugun zuciya, ƙuncin ƙirji, jin kamar wani abu ya tokare maƙogwaro, ciwon kai mai kama da an ɗaura rawani an matse, sanƙarewar wuya da kafaɗu, ƙwannafi, yawan zagayawa, karkarwar hannu, jiri, da gajiyar da barci ba ya kawar da ita. A ƙasashenmu kuwa mutane sun fi kawo kuka da jiki bisa ga zuciya. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta labarin ɗaliban Nijeriya da ke zuwa suna kukan zafi a tsakar ka, da jin kamar wani abu na yawo a ƙarƙashin fata, da dushewar gani in sun buɗe littafi, da kasa riƙe abin da suka karanta. Har gobe irin wannan kuka bai yanke ba, mutum ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ya koma na taifot, ya koma na gyambon ciki, a auna jini a ce lafiya lau, shi kuwa ya san ba lafiya ba.

Na tunani su ne yawan saƙe-saƙe, inda zuciya ke ɗauko mafi munin abin da zai iya aukuwa ta ɗora shi a matsayin yaƙini. Yaro ya yi jinkirin dawowa daga makaranta, kafin a kira la'asar uwa ta riga ta gan shi a ƙarƙashin mota; maigida a wurin aiki ya amsa gaisuwa a taƙaice, ma'aikaci ya kwana yana lissafin yadda zai ciyar da iyali bayan an sallame shi. Tare da wannan akwai saurin fushi, da mantuwa, da tsayuwa a salla ba a san raka'a nawa aka yi ba, da kwanciya ido biyu har asalatu.

Amma alama ta uku ita ce mafi ɓoyuwa, ita ce kuma mafi ɓarna, watau gudun abin da ake tsoro. Wanda ya taɓa ruɗewa a gaban jama'a sai ya daina zuwa taro, wadda ta taɓa firgita a cikin motar haya sai ta daina tafiya, wanda ke tsoron sakamakon awo sai ya ƙaurace wa asibiti. Kowane gudu yakan kawo sauƙi nan take, wannan sauƙi kuwa shi ne tarkon, domin ƙwaƙwalwa takan ɗauka cewa gudun ne ya cece ta, sai gobe ta ƙara ƙarfin kururuwa. Da haka duniyar mutum ke ta tsukewa, yau kasuwa ta fita, gobe gidan biki, jibi masallacin Juma'a, har a wayi gari ɗakinsa ne iyakar ƙasarsa.

Firgita Ta Farat Ɗaya

Akwai wani nau'i da ya cancanci a tsaya a kansa, saboda tsananin da yake zuwa da shi. A ɗauki magidanci lafiyayye yana tsaye a rumfarsa yana auna wa mai saye gero, babu gobara, babu ɓarawo, kwatsam sai ya ji zuciyarsa na dukan uku-uku, iska ta ƙi isarsa, yatsunsa da leɓɓansa suka ɗauki tsikari, ƙasa ta soma juyawa, wani yaƙini ya sauko masa cewa ajali ne ya zo. Ya saki mudu ya dafe ƙirji yana kalmar shahada, makwabta suka taru, wani na fifita, wani na neman ruwa. Kafin a samo abin hawa abin ya soma lafawa, domin irin wannan firgita takan kai ƙololuwarta ne a cikin kamar minti 10, sa'an nan ta sauka da kanta, ta bar mutum a jiƙe da gumi, gaɓoɓinsa a sake.

Sirrin abin shi ne, tsoro ne ke haifar da tsoro. Zuciya ta ɗan ƙara gudu, mutum ya fassara haka da mutuwa, fassarar ta ƙara zubo adirenalin, gudun ya ƙaru. Saurin numfashi kuma yakan fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, wannan ne ke kawo jiri da tsikarin yatsu, waɗanda su kuma suke ƙara tabbatar masa da mugun zatonsa. Ita kanta firgitar ba ta kisa. Amma fa a kiyaye, duk wanda ya ji ciwon ƙirji karon farko, balle mai yawan shekaru, ko mai hawan jini, ko mai ciwon suga, to, asibiti zai nufa ba tare da jinkiri ba, likita ne zai rarrabe masa tsakanin ciwon zuciya da firgita.

Yaushe Ya Zama Cuta?

Ba kowane zullumi ne cuta ba. Mutumin ƙauyen da 'yan bindiga ke kai wa hari, in ya kwana da kunne ɗaya a buɗe, hankali ne ya yi aiki, maganin tsoronsa kuwa aminci ne, ba ƙwaya ba. Amma in ya yi hijira zuwa inda babu haɗari, wata da watanni suka shuɗe, har yanzu ƙarar babur na sa shi neman maɓoya, mafarkin abin da ya gani na tashe shi da dare, to, rauni ne ya saura a zuci, yana kuwa bukatar jinya kamar kowane rauni. Likitoci sukan duba abu uku: ko tsoron ya fi ƙarfin sababinsa, ko ya daɗe, inda sukan yi awo da wata 6 ga mai yawan saƙe-saƙe, da kuma ko ya hana mutum sana'arsa da ibadarsa da zumuncinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da wannan larura a duniya, mata sun fi maza yawa, kuma wajen ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani.

Babban abin da ke hana mutanenmu neman magani shi ne gorin da ake yi musu, a ce da namiji rago, a ce da mace raki, a ce da mai ibada imaninsa ne ya yi rauni. Wannan hukunci kuwa zalunci ne, domin Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fita daga birni yana mai tsoro, ya kuma juya da baya ranar da sandarsa ta zama maciji, ba a kuwa rage masa daraja ba saboda haka. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yawaita neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ba a kuwa neman tsari daga abin da ba ya samun mumini.

Hanyar Magani

Mafi kyawun tsari da za a bi yana cikin abin da Nana Hadiza, Allah ya ƙara mata yarda, ta aikata ranar da wahayi ya fara sauka, sa'ad da Manzon Allah ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa na kaɗawa, ya nemi a lulluɓe shi. Ba ta tsare shi da tambaya ba, sai ta lulluɓe shi har razanar ta wuce. Sa'an nan da ya faɗa mata abin da yake tsoro, ta tuna masa da kyawawan halayensa na sada zumunci da karrama baƙo da ɗaukar nauyin mai rauni, ta tabbatar masa Allah ba zai tozarta shi ba. Bayan haka ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙa bin Naufal, wanda ke da ilmin littattafan da suka gabata. Ta fara da jiki, ta bi da tunani, ta ƙare da masani.

Game da jiki, linzamin da ke hannun mutum shi ne numfashi, domin ba mai iya ce wa zuciyarsa ta rage gudu, amma kowa na iya jan numfashinsa. Sai ya zauna, ya ɗora tafin hannu a kan cibiya, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga huɗu har ya ji cikin ya ɗago hannun, sa'an nan ya sake ta a hankali ta baki yana ƙirga shida, ya yi ta maimaitawa na 'yan mintoci. Tsawaita fitar numfashi yana motsa jijiyar da ke sassauta bugun zuciya. Wanda ya haɗa wannan da zikiri a nitse, ya haɗa alheri biyu. A kuma saba da shi tun ana lafiya, safe da yamma, domin ba ranar tafiya ake kiwon jaki ba. Haka nan a rage goro da kofi da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari, musamman bayan la'asar, domin sinadarin da ke cikinsu na kore barci yana kuma sa zuciya gudu. A lizimci tafiyar ƙasa kullum, a tsayar da lokacin kwanciya, a nisanta waya daga shimfiɗa, domin wanda ya rufe ido a kan hotunan kashe-kashe bai yi wa darensa adalci ba.

Game da tunani kuwa, malaman Musulunci sun daɗe da yin magana a kai. Abu Zaidi Balhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, almajirin Alkindi, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfusi, inda ya keɓe babi ga tsoro da firgici, ya yi nasiha da mutum ya tanadi ingantattun tunane-tunane tun hankalinsa na kwance, domin ya ɗauko su ranar da ya rikice, ya kuma riƙa tunawa cewa akasarin abin da ake tsoro ba ya aukuwa, wanda ya auku ma sau da yawa bai kai yadda aka zata ba. Bayan fiye da shekara dubu, wani likita na Amurka, Aaron Beck, ya gina hanyar jinya a kan irin wannan asasi, wadda a yau take cikin mafi ingancin magungunan zullumi. Aikin shi ne mutum ya ɗauki takarda ya rubuta abin da zuciya ke raya masa, sa'an nan ya yi masa tambayar alƙali: mene ne hujja? Sau nawa na zaci haka bai auku ba? In ma ya auku, wace dabara ta rage mini? Abin da ke da mataki a ɗauki matakinsa yau, abin da ba shi da mataki a miƙa shi ga Mai shi, wannan kuwa shi ne haƙiƙanin tawakkali, kamar yadda a hadisi aka umarci wani Balaraben ƙauye ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara.

Saura gudu, shi kuwa ba shi da wani magani sai tunkara, amma daki-daki. A 1924 wata masaniya a birnin Niyok, Mary Cover Jones, ta wallafa labarin jinyar da ta yi wa wani yaro mai suna Peter, wanda bai cika shekara 3 ba, mai tsananin tsoron zomo. Ta sa aka ajiye zomon a cikin keji can nesa a lokacin da yaron ke cin abincin da yake so, kullum ana ɗan matso da shi gwargwadon abin da zai iya jurewa, tana kuma kawo yaran da ba su tsoronsa su yi wasa da shi yana gani, har ranar da Peter ya shafa zomon da hannunsa. Haka wanda kasuwa ta gagara zai yi: ya fara da tsayawa a bakinta tare da amininsa, kada ya juya sai bugun ya sauka da kansa, gobe ya shiga layi ɗaya, jibi ya shiga shi kaɗai. Sharaɗin shi ne a daure har tsoron ya lafa ana wurin, domin a nan ne ƙwaƙwalwa ke koyon sabon darasi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sa'an nan sai masani. In abin ya daɗe ko ya hana harka, a je asibiti, domin akwai cututtukan jiki da ke sa rigar zullumi, kamar ƙarancin jini, da faɗuwar suga, da yawan aikin ƙullutun nan na wuya wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, zuwa can kuwa ba shaidar hauka ba ce. Magungunan da likita ke bayarwa na dogon zango sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, sai a yi haƙuri, kada kuma a yanke su ba da saninsa ba. Amma a guji sayen ƙwayar barci irin su diyazefam a kemis ba da takardar likita ba, balle taramol da kodin, domin sauƙin dare ɗaya suke bayarwa su karɓi 'yancin shekaru. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba su hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana su ba. Wanda kuwa ƙunci ya kai shi ga tunanin halaka kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar.

Nauyin Da Ke Kan Dangi

A 1954 wani likita mai suna Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, inda ake saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da ɗan'uwansa mai kula da shi, domin ya fahimci cewa mutumin ƙasar nan ba ya warkewa a ware da danginsa. Wannan magana tana nan daram. Mai zullumi ba ya bukatar a ce masa ya cire abin a ransa, domin da yana ciruwa da ya daɗe da cirewa, abin da ke amfaninsa shi ne ƙaninsa ya zauna kusa da shi ya ce, "Sannu Yaya, ina nan, mu ja numfashi tare, yanzu zai wuce." Kada dangi su yi masa dariya, kada kuma su ɗauke masa dukan abin da yake tsoro da sunan tausayi, domin hakan taya shi gudu ne. Su raka shi mataki na farko, su yaba masa a kan kowane ci gaba komai ƙanƙantarsa, su riƙe sirrinsa, in lokacin ganin likita ya yi kuma wani daga cikinsu ya sa takalmi ya tafi tare da shi.